Baƙar Tutar Mota Ashirin da Bakwai

Shekara goma sha biyu Wilma Absher ta yi tana kiran ɗakin nan "ɗakin shirme", kuma ba a bayan idon mijinta take faɗa ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan kicin, inda da can take ajiye keken ɗinki. Delmer ya fitar da keken, ya girke kujerar wata tsohuwar mota da ya ciro a wurin 'yan gwangwan, ya ɗaure sitiyari a jikin tebur, ya jera allunan kwamfuta uku, ya sa totur da birki a ƙasa. Duk ranar Lahadi, da an taso daga coci an ci abinci, ƙarfe uku daidai sai ya shige ya ja ƙofa, ya yi tseren mota da wasu tsofaffi ashirin da biyu 'yan'uwansa, kowa a ɗakin gidansa, daga nan gindin duwatsun Carolina har Tennessee da Georgia. Mutum mai jika huɗu, ka ji shi yana ihu shi kaɗai wai an goge masa fenti.

"Delmer, motar nan fa ba ta zuwa ko'ina," haka take ce masa ta bayan ƙofa. "Kana nan inda na bar ka tun ƙarfe uku."

"Ai shi ya sa kike son ta, Mama," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar take yi mata zafi. Yana saurayi motar gaske yake tuƙawa, a filin jar ƙasa, kowace Asabar. Shekarar da aka haifi 'yarsu motar ta wuntsila da shi sau uku, ya karye a kafaɗa, Wilma ta tsaya a bakin gadon asibiti ta ce ko ita ko motar. Ya sayar da motar, bai taɓa yi mata gori ba. Sai bayan shekara talatin ya shigo da kujerar nan, ita kuma ko ta ƙaryar ba ta bar shi ya ji daɗinta cikin kwanciyar hankali ba.

Wata Alhamis a watan Oktoba ya fita bayan gida cire sandunan tumatir. Ta hango shi ta tagar kicin ya zauna a ƙasa, ta ɗauka hutawa yake yi, har ta ƙarasa wanke kofuna biyu kafin ta leƙa. Likita ya ce zuciya ce, kuma ko da gudu ta fita ba abin da zai canja. Ta ji, amma ba ta yarda ba.

Kwana biyar da binne shi, gidan cike da kwanukan abincin matan coci, Garland Billings ya zo. Shekara talatin suka yi da Delmer a masana'antar kujeru, injin yankan katako ɗaya. Ya zauna a kicin yana ta juya hularsa a hannu, ya bar shayin ƙanƙarar da ta zuba masa yana ta zufa a kan tebur.

"Mis Wilma, akwai wata magana, ban san ta inda zan kamo ta ba."

"In ta ɗakin shirme ce, ka zo da mota ka kwashe kayan."

"A'a, ba kayan ba ne." Ya yi gyaran murya. "Tsere ashirin na cin kofi muke yi a shekara. An yi sha tara. Delmer ya yi mana nisan da ba mai kamo shi a maki, ko ni da nake bi masa. Shekara goma sha biyu bai taɓa cin kofin ba, sai bana."

Ta san kofin. Ba kofi ba ne ma, wani tsohon fistan ne na inji da aka kafe a kan katako, ana rubuta sunan gwarzon shekara a jikin tagulla a manna. Ta sha ganinsa a kan talabijin ɗin Garland.

"To ku rubuta sunansa mana."

"Nan ne matsalar. Akwai doka. Motar da ba ta fito tseren ƙarshe ba, ko ta fito aka kore ta, ba ta cin kofi, ko makinta ya kai sama. Amma in mai motar ba shi da iko, wani ɗan gidansa zai iya tuƙa masa."

"Wane mara aikin yi ne ya kafa wannan doka?"

Garland ya kalli hularsa. "Delmer ne."

'Yarsu tana can Arizona, ta riga ta koma bakin aiki. Ɗan gida dai Wilma ce, mai shekara sittin da takwas, wadda tun da take ba ta taɓa wuce gudun mil hamsin da biyar a awa a kan titi ba. Ta buɗe baki za ta ce ba za ta iya ba, sai ta tuna ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar mutumin nan ya aka ƙare ba in ya fito daga ɗakin. Ashe bana yana gaba tun watan Maris, bai gaya mata ba. Wa zai gaya wa? Kunya ta kama ta, irin wadda ba a samun wanda za a ba haƙuri.

"Yaushe ne?"

"Lahadin nan."

Kwana uku Garland yana zuwa da la'asar yana koya mata. Ranar farko ta daki bango sau tara, sitiyarin yana fizgar hannunta kamar mai rai.

"Mis Wilma, hagu kawai ake yi. Filin zagaye ne, ba kwanar dama ko ɗaya."

"Na ji! Motar ce ba ta ji ba."

"Ki bi ta ƙasa-ƙasa, ki bar mu mu yi ta wuce ki. Ba gudu ake nema ba. Ko ke ce ta kashin baya, in dai kin kai ƙarshe, kofi na Delmer ne."

Ya yi mata bayanin tutoci. Koriya a tashi. Rawaya an yi haɗari, kowa ya rage gudu ya bi bayan motar jagora, ba mai wuce wani. Baƙa kuwa hukunci ce: wanda aka ɗaga wa yana da zagaye uku ya shiga layin gyara, inda ake canja taya a zuba mai, ya tsaya a gurbinsa har a sallame shi, in bai yi ba a kore shi. Kwamfutar ce ke ɗagawa da kanta, kuma ba ta san niyya ba, abin da ta gani kawai take hukuntawa. Shi ya sa ƙungiya take da mai tuta, mutum ɗaya da ke da ikon share hukuncin da aka yi bisa zalunci. Tun ranar farko Delmer ne, ido ɗaya a kan hanya, ɗaya a kan rigimar mutane.

"Kada ka cika mini kai," in ji Wilma. "Layin gyaran nan, sai na koya?"

"Ba ruwanki da shi. Zagaye sittin ne, man zai kai ki."

Ranar Asabar ta yi zagaye arba'in ba ta taɓa bango ba, har Garland ya tafa mata. Kafin ya tafi ya gaya mata al'adarsu. In ɗan ƙungiya ya rasu, wani yakan hau motarsa a tseren da ya biyo baya, kuma in aka kai zagayen da ya yi daidai da lambar motar, kowa ya yi shiru, a koma gefe, motar mamacin ta wuce kowa ta yi gaba ita kaɗai. Sau uku aka taɓa yi. Lambar Delmer ashirin da bakwai.

"In kin ga ashirin da bakwai a saman allo, ki wuce mu duka. Ko me kika ji, ko me kika gani, ki dai wuce."

Ranar Lahadi ko kayan coci ba ta cire ba. Takalmi kawai ta tuɓe, don Garland ya ce da safa aka fi jin totur. Ta sa matashi a bayanta saboda ƙafarta ta kai, ta rataya abin magana a kunne, sai muryoyi suka cika mata kai. Duk sunayen da take ji ta bayan ƙofa, yau ga su da murya, kowa na yi mata ta'aziyya cikin ladabi kamar yaran makarantar Lahadi. Sai ɗaya, Odell Triplett mai gyaran famfo a Tennessee, wanda Delmer ke cewa bakinsa ya fi motarsa gudu.

"Mis Wilma, sannu da zuwa! Ki yi hankali da Garland fa, tsohon nan ko keken zuba sayayya na kanti ya tura sai ya goge wa wani."

"Odell, rufe mana baki, da mace a wurin," in ji Garland.

"Ai shi ya sa nake faɗar gaskiya yau."

Ta yi dariya, ta farko tun ranar Alhamis ɗin nan, har ta ji kamar ta yi laifi.

Aka ɗaga koriya. Motoci ashirin da biyu suka yi gaba suka bar ta, ta manne a ƙasa kamar yadda aka koya mata. Can sai ta ji rugugi a baya, suka zagayo suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya, kowa na ba ta wuri mai faɗi. Motarta dai tana ta tafiya. Goma. Sha biyar. Ashirin. Ta fara tunanin inda za ta ajiye kofin, ta yanke shawarar kan teburin cin abinci, inda duk wanda ya shigo zai gani.

A zagaye na ashirin da huɗu tayar wani ta fashe, ya daki bango, aka ɗaga rawaya. Motar jagora ta fito, kowa ya jera a bayanta, Wilma a can wutsiya. Ana tafiya sannu-sannu, ashirin da biyar, ashirin da shida. Sai lambar ta juya zuwa ashirin da bakwai, muryoyi suka ɗauke ɗif.

Motar da ke gabanta ta zame gefe. Ta gaba ma haka. Hanya ta buɗe har can gaba, Wilma ta taka totur a hankali.

"Mota ashirin da bakwai, koma bayan mota sha ɗaya," in ji muryar kwamfuta.

An ce mata ko me ta ji. Ta wuce. Kowace mota da sunan mai ita a samanta, ta riƙa karantawa tana wucewa, wannan ne wanda matarsa ke jinya, wannan ne faston da ke zagi in an buge shi, wannan ne wanda Delmer ya taɓa yin tafiyar awa huɗu don ya gyara masa rufin gida. Muryar kwamfuta na ta nanata gargaɗinta, ba wanda ya tanka mata, don zagayen shiru ne. Wilma ta wuce Odell, ta wuce Garland, ta sami kanta a bayan motar jagora, ba kowa a gabanta. Nan ne wurin da Delmer ya yi ta nema duk Lahadi, ita kuwa tana can tana buga tukwane don ya san tana jin haushi. Ta so shi a wannan zagayen fiye da yadda ta taɓa nuna masa da ransa.

Zagayen ya ƙare. Aka fara jin masu fyace hanci, wani ya ce amin. Ba wanda ya ce mata ta koma baya, don a duka ukun da aka yi a baya ba a taɓa komawa ba. Aka ɗaga koriya, suka wuce ta ta sama, sai wani abu baƙi ya fito a kusurwar allonta yana ƙyaftawa.

"Mota ashirin da bakwai, baƙar tuta. Wuce motoci a ƙarƙashin rawaya. Zagaye uku."

"Garland, wani baƙin abu ya fito mini."

"Ba komai, Mis Wilma," Odell ya riga shi, cikin muryar nan tasa ta wasa. "Kullum sai kwamfutar nan ta yi wannan haukan. Delmer, share mata..."

Bai ƙarasa ba.

Tsofaffi ashirin da biyu, kwana goma suna shirya yadda za su girmama mutumin nan, har da gardamar kalar fenti, amma ba ɗaya da ya tuna cewa duk lokacin da suka yi wannan al'ada kwamfuta ta ɗaga tuta, hannun Delmer ne ke sharewa kafin kowa ya lura. Sun saba da shi har sun manta aiki ne wani yake yi.

"Ya Ubangiji," in ji Odell a hankali. "Ki yafe mini, Mis Wilma."

"Ku saurara!" Garland ne. "Mis Wilma, da sunan Delmer kika shigo, a kujerarsa kike. Ikon yana hannunki. Ga madannan rubutu nan a damanki. Harafi biyar ne da lambar motar, zan karanto miki. In kin fito kan miƙaƙƙiyar hanya ki saki hannu ɗaya ki danna, shi ke nan."

Ya karanto haruffan. Ta fito daga kwana, ta saki hannun dama, ta danna na farko, ta danna na biyu. Sai ta lura duk sauran sun yi tsit. Shekara arba'in da shida ta yi da namiji a gida, ta san shirun mazan da ke ɓoye wani abu.

"Garland, shi ya taɓa share wa kansa?"

"Mis Wilma, wannan ai daban ne. Laifinmu ne, mu muka ce ki wuce."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Saura zagaye biyu," in ji kwamfuta.

Garland ya ja numfashi. "Bai taɓa ba. Cewa yake mai tuta ba ya share wa motarsa, ko an zalunce shi. Shekara shida da suka wuce, a tseren ƙarshe, yana gabana da maki biyu, wani ya tunkuɗa shi ya wuce motar jagora. Kowa ya gani, muka roƙe shi. Ya shiga layin gyara ya yi hukuncinsa, ni na ci kofin. Har yau in na kalli sunana a shekarar nan sai in kawar da kai."

Ta tuna ranar. Delmer ya fito daga ɗakin ya zauna, ta zuba masa kaza da burodin masara, ya yi ta juya cokali bai ci ba, ita kuma ta ce masa in wasan yara zai hana shi cin abinci gara ya gaya mata ta daina wahalar da kanta.

"Ki danna, don Allah," in ji Odell. "Ba wanda zai ce uffan. Duk wanda ya ce, ni zan je har gidansa in kwance masa famfo."

Tana so ta danna. Ba ta taɓa son wani abu kamar yadda take son ganin sunan nan a jikin tagulla ba, kuma harafi uku kawai ya rage da lamba. Amma da sunansa take zaune, duk abin da ta yi a kujerar nan shi za a ce ya yi. Ta mayar da hannunta kan sitiyari.

"Ba zan sa shi ya yi abin da bai yi da ransa ba. Garland, ina hanyar layin gyaran nan?"

"Mis Wilma..."

"Ka yi magana, lokaci na tafiya!"

Ya gaya mata. A ƙarshen kwana ta huɗu hanya tana rabuwa ta hagu, ta taka birki da wuri, kada gudunta ya wuce mil arba'in da biyar in ta shiga. Ta zuba ido, ta ga inda hanyar ta rabu, amma kafin ƙafarta ta bar totur ta riga ta gota shi. Ta ji kanta tana faɗar wata kalma da ba ta taɓa faɗa da kayan coci a jikinta ba.

"Saura zagaye ɗaya."

Wannan karon tun a kwana ta uku ta fara taka birki. Motar ta yi sanyi, ta karya hagu, ta shiga layin tana kan arba'in da ɗaya.

"Na shiga! Garland, na shiga!"

Sai ihu ya ɓarke a kunnenta, tsofaffi na ta sowa.

"Madalla!" in ji Garland. "Saurara. Yanzu gurbinki yana can gaba, dab da farin layin da ake ƙirga zagaye. Kwamfuta za ta ƙirga miki. In ta ce ɗaya ki take birki da ƙarfi, kada ki tausaya masa."

Gurabe suka riƙa wucewa, duk iri ɗaya. Uku, in ji muryar. Biyu. Ɗaya. Wilma ta taka birki yadda take takawa a bakin coci, a hankali, don kada na baya ya firgita. Motar ta tsaya, amma ta gota gurbin da tsawon mota guda.

"Kin wuce gurbi. Koma baya," in ji kwamfuta.

"Ina giyar baya?"

Ba wanda ya sani. Kowa da inda yake ajiye tasa a jikin sitiyarinsa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar Delmer. Wani ya ce jan maɓalli, wani ya ce na bayan hannun hagu, Odell na cewa a yi shiru a bar mutum ɗaya ya yi magana alhali shi ya fi kowa ihu. Ta danna ja, ba abin da ya faru. Ta ja na bayan hannu, ta ji wani ƙas, ta ɗauka ta samu, ta taka totur.

Motar ta yi gaba. Ba da gudu ba, taku kaɗan ne, amma farin layin yana nan dab da hancinta.

"Mota ashirin da bakwai, an kore ki daga tsere."

Sitiyarin ya saki a hannunta. Hoton ya canja, ta ga filin daga sama kamar 'yar kallo, motoci na ta zagayawa, babu ashirin da bakwai a cikinsu.

Tana cikin kallon nan wata murya ta shigo kunnenta. Garland ne. "Zan ajiye motata. Ba zan karɓi kofin nan ba. Za mu zauna mu kaɗa ƙuri'a, mu gyara dokar..."

"Garland Billings, ka tuƙa motarka. Kada ka ƙara mini wani abu a kan wanda nake ji."

Ta jingina da kujerar. Haushi take ji, nasu da suka manta, na Delmer da ya tafi ya bar mutane da dokoki, amma nata ya fi yawa. Abu ɗaya tak aka ce ta yi wa mutumin nan, ta zagaya fili sau sittin kamar yadda kowane tsoho ke yi, ta kasa. Sunansa ba zai hau tagullar nan ba, bana ko baɗi, kuma da ƙafarta ta tsallake layin. Ta kai hannu za ta cire abin kunne ta tashi, sai ta ga ba ta san inda za ta je ba. Kicin ɗin yana nan da tagarsa. Ta zauna tana kallon motocin da ba nata ba.

Daga sama abin ya fi sauƙin ganewa. Ta fara gane wa ke matse wa, wa ke jin tsoron kwana ta biyu. Ba mai wasa yanzu, ba mai tsokanar wani, sai dai ka ji an ce "ina ƙasanka" ko "wuce".

A zagaye na hamsin da ɗaya motoci biyu suka gogi juna a fitowa daga kwana ta huɗu, ɗaya ta juya ta tsaya a gicciye a tsakiyar hanya. Odell na tafe a guje a mota takwas, ba hanya ta sama ba ta ƙasa, sai ya fizgi sitiyari ya faɗa layin gyara da gudunsa, ya fita ta ɗaya bakin. Da bai yi haka ba da ya raba motar can biyu. Wilma ta gani sarai.

"Mota takwas, baƙar tuta. Gudu a layin gyara."

"Kai, wannan zalunci ne," in ji wani. Ba wanda ke da fuskar roƙonta.

"Ba komai," in ji Odell, muryarsa can ƙasa. "Zan shiga in yi. Ai na cancanci fiye da haka yau."

Wilma ta jawo madannan rubutun gabanta. Haruffa biyun da ta danna ɗazu suna nan suna jira.

"Garland, sauran ukun nan, me ka ce?"

Ya karanto mata a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta nemo su da yatsa guda, ta sa takwas, ta danna babban maɓallin. Ba ta san yadda abin yake fitowa ba, ba wanda ya gaya mata. A saman allonta, da na tsofaffi ashirin da biyu a jihohi uku, wani ɗan rubutu ya bayyana: Delmer Absher ya share baƙar tutar mota takwas.

Motar Odell ta yi tangal-tangal a kan miƙaƙƙiyar hanya kafin ya daidaita ta. A kunnenta ta ji wani yana kuka, kukan babban mutum da bai saba yi ba, ba ta gane ko wane ne ba, don ita ma tana yi. Ta bar kukan ya zo, ba ta toshe bakinta ba, tana kallon sunan har ya dusashe daga allon.

Saura zagaye takwas. Ta goge idonta da bayan hannu don ta ga motocin da kyau.